Dalmar Cikin Gem

Turai tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da kiɗan ya yanke. Kiɗa ne ɗan siriri da ke fitowa daga ɗaki tun hantsi, irin wanda kunne ke mantawa da shi sai ya tsaya. Ta dakata da rariya a hannu. Sai ta ji ɗanta Saifullahi ya ciro kaset yana hura masa iska, fu, fu, ya mayar ya danna. Shiru. Ya sake cirowa, ya sake hurawa. Da ta leƙa, talabijin ba ta nuna komai sai shuɗi, shi kuma ƙafarsa ta dama ta fara bugun ƙasa.

Saifullahi saurayi ne, gashin baki ya fara tsiro masa, amma maganarsa ba ta wuce ta ƙaramin yaro ba. A Dareta aka haife shi. Yana goye shekarar da dalma ta shiga gidaje, lokacin da maza ke kawo duwatsun zinare daga rami, mata na daka su a tsakar gida, ƙurar na sauka a kan tuwo da tabarma da hannuwan yara. Yayarsa Surayya, 'yar farin Turai, tana cikin yaran da suka tafi. Shi ya tashi bayan likitoci sun yi ta ba shi magani, sai dai ya tashi da abu biyu. In baƙo ya yi masa tambaya ba ya amsawa, kuma ƙafarsa ba ta son zama. In ta ɗauke shi, tafiya yake yi har sai an tare shi.

Gem ɗin kaɗai ke zaunar da shi. Ubansa Atiku ne ya sayo shi na hannu bayan sun dawo Anka, kafin rasuwarsa. Akwati ne na roba wanda a da fari ne, yanzu ya koma kalar haƙorin mai cin goro, da rami a samansa inda ake cusa kaset, da hannu mai doguwar waya da ake riƙewa ana dannawa. Kaset ɗaya yake so, wani rawaya, mai ɗan mutum da ke gudu yana tsallake ramuka. Abin da ya fi ɗaure wa Turai kai shi ne in ɗan mutumin ya faɗa rami, sai ya sake ɓullowa daga farko, ko ƙura babu a jikinsa. Ramukan ƙasar nan ba sa mayar da mutum haka.

Hurawar ma tana da labari. Ranar farko da Turai ta ga yana hura kaset, ta ɗauka tofi yake yi masa, irin wanda malamai suka sha yi masa a ka yana ƙarami, sai ta ce amin. Daga baya an gaya mata ƙura ake korewa, amma bakinta ya riga ya saba. Duk lokacin da ta ji fu, fu daga ɗaki, sai ta ce amin a hankali.

A wannan rana amin ɗin bai tayar da gem ba. Washegari da ta fita kai ƙosai bakin titi, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe, ba Saifullahi.

Sai bayan azahar aka kawo shi a kan mashin, wuyan rigarsa a yage. 'Yan sintiri ne suka tare shi a bayan gari, ya miƙi hanyar Bagega shi kaɗai. Sun tambaye shi sunansa, ya yi shiru. Sun tambaye shi wa ya aiko shi, ya yi shiru yana kallon takalmansu. A irin wannan lokaci da mutanen daji ke turo masu leƙen asiri, saurayin da ba ya amsa tambaya a bakin gari ba ya da mai tsaya masa. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta gane shi, ta ce ɗan Turai mai ƙosai ne, ba shi da lafiya. Wanda ya kawo shi bai yi faɗa ba. Ya ce kawai ba kullum mai nono ke wucewa ta wurin ba.

Turai ta sa sakata, ta daina fita sana'a. Saifullahi ya dinga zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa ƙofa, ya taɓa sakata ya juyo, kaset na hannunsa. Har ƙasar ta fara nuna hanyar da yake bi. Ita ma ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share, don tun daga Dareta ba ta yarda ƙura ta kwana mata a gida. Ta aika wa yayanta Namadi a Bukkuyum cewa ya zo.

Namadi tsoho ne mai son surutu da mashin da ya girmi wasu 'ya'yansa. Ya ɗaure gem ɗin a leda ya zaga da shi wurin masu gyaran waya na Anka. Suka juya shi, suka yi dariya, wani ya tambaya ko daga rami aka tono shi. Suka ce su waya suke gyarawa, a saya wa yaron waya mai gem a ciki. An taɓa gwada haka, Saifullahi ya jefa wayar a randa. Da Namadi ya nemi na sayarwa, aka ce ai irin waɗannan sun ƙare a garin, tun da aka yi raɗe-raɗin akwai zinare a cikinsu 'yan gwangwan suka bi gida-gida suka kwashe. Ya tuna da wani mutum a Bukkuyum da ya taɓa buɗe ɗakin gem na yara, ya koma can. Mutumin ya fito masa da akwatuna daga ƙarƙashin gado, masu kyau daga waje. Da aka ɗaga sai aka ji ba nauyi, an riga an kwashe cikinsu, a ɗaya ma gyare ya yi gida. Shi ne ya ce a je Gummi a nemi Hamisu mai rediyo, in shi bai tayar da shi ba to a haƙura.

Ba wanda za a bar wa Saifullahi, don haka su uku suka shiga mota da safe. An sa shi tsakiya. Duk inda aka tsaya a shinge sai Turai ta riga kowa magana, ta ce ɗanta ne, ba ya jin daɗi, kafin ma a dube shi. Direba na gudu inda daji ya yi kauri, fasinjoji kowa na kallon gefen hanya, ƙafar Saifullahi na ta bugun bayan kujerar gaba har mai kujerar ya waiwayo, ya dube shi, ya juya.

Shagon Hamisu ƙarami ne a bayan masu sayar da tukwane. Rediyoyi ne jibge har rufi, wasu ba fuska, wasu ba baya. Akwai fanka mai fiffike ɗaya, da agogon bango da ke tafiya daidai amma an rataye shi a kife, da hannuwan gem da aka ɗaure da wayoyinsu suna reto kamar busasshiyar kuɓewa. Hamisu mutum ne mai furfura a gemu da tabarau da aka ɗaure da zare. Ya karɓi gem ɗin da hannu biyu, ya ce rabon da a kawo masa gyaran irin wannan an daɗe, kuma waɗannan tsofaffin sun fi na yanzu jure wahala.

Ya kwance shi, ya ɗaga murfi. Ciki wani koren allo ne da 'yan hanyoyi sirara a jikinsa, kamar gari in an hango shi daga kan dutse. Ya nuna musu ramin kaset, inda ƙananan ƙarafa suka yi tsatsa kore. Ya tambaya wa ke hura kaset da baki. Namadi ya nuna Saifullahi da leɓe.

"Yawu na," in ji Hamisu. "Shi ka cin ƙarhen sannu-sannu."

Ya ce wannan buroshi da sifirit za su fitar. Babbar matsalar tana inda wayar wuta ke shiga, liƙin wurin ya tsage saboda yawan ja, wuta ba ta wucewa sosai. Aikin ba wuya, yanzu za su tafi da abinsu. Ya jona ƙarfen liƙi ya jingina shi ya yi zafi, ya jawo wata waya fara mai laushi da aka naɗe a kan katako, ya warware kaɗan.

Turai da ke tsugune a bakin ƙofa ta tambaya, don ta ga wayar na lanƙwasa kamar taliya.

"Malam, mi a wagga?"

"Dalma ta, baiwar Allah. Da ita aka liƙi."

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, ta sa hannu ta ɗauke gem ɗin daga teburin a buɗe yadda yake, ta rungume shi, sannan ta tuna abin da ke ciki ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Ba ka sa mashi ita," ta ce.

Hamisu ya dubi Namadi. Namadi ya ce masa a hankali daga Dareta suke. Hamisu ya cire tabarau, ya ajiye wayar a ƙarƙashin tebur inda ba za ta gan ta ba, ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya san labarin, kowa a ƙasar nan ya sani. Yana da 'yan'uwa a Yargalma da aka kankare musu ƙasar tsakar gida aka kawo sabuwa.

Turai ta ce to ya sayar mata da wani, ko nawa ne, wanda bai lalace ba balle a sa masa komai. Hamisu ya ce yana da guda biyu masu aiki, zai iya ba ta ɗaya, amma ba zai ɓoye mata ba. Ya roƙe ta ta juya allon da ke hannunta. Da ta juya sai ta ga bayansa cike da 'yan ɗigo-ɗigo masu sheƙi, jere, da yawa kamar an watsa gero.

"Kowane ɗigo dalma ta. Tun inda anka ƙera shi. Wanda zan ba ki ma haka shi ke."

Ya ce haka rediyon da ke ɗakinta yake, haka tsohuwar talabijin ɗinta. Turai ta tsaya tana kallon ɗigogin. Shekara da shekaru tana share gida, tana hana duk mai zuwa rami shiga mata da takalmi, ta bar garinsu da kabarin 'yarta, ashe abin yana cikin ɗaki a kan tabarma, ɗanta na zaune gabansa daga hantsi zuwa la'asar. Hamisu, don ya rage mata nauyin abin, ya ce ba duka ne mugun ƙarfe ba, haƙoran kaset ɗin nan da yaro ke hurawa ruwan zinare ne aka shafa musu, shi ya sa 'yan gwangwan ke bin su, duk da abin bai kai cikin farce ba.

Ta ce, ba da shi take ba, "Nan ma tare su ke, zinare da dalma."

Namadi ya yi ƙoƙarin wasa. Ya ce ashe shekarun nan ɗan ƙanwarsa na zaune da arziki a baki ba wanda ya sani, da an tara yawun da an yi gini. Ba wanda ya yi dariya. Ya waiwaya don ya ga ko Saifullahi ya ji, sai ya ga benci babu kowa.

Suka fita su biyu, Namadi ya yi wajen tasha, Turai ta yi cikin kasuwa. A Anka ko mai nono ta san shi, a Gummi ba wanda ya taɓa ganinsa. Ta bi layin tukwane, ta bi layin masu gishiri, tana tambayar saurayi mai shuɗiyar riga da abu rawaya a hannu. Wata ta ce ya wuce, wani ya ce bai gani ba. Mayafinta ya zame ba ta tsaya gyarawa ba. A ƙarshen kasuwa, inda ake ɗaure jakuna hanya ta fita gari, ta hango mutane sun yi da'ira. Yana tsakiya, wani ya riƙe masa hannun riga, wani na tambayarsa daga wane gari yake, me ya ɓoye a hannu. Ya ƙanƙame kaset a ƙirji yana kallon ƙasa, ƙafar na bugawa. Muryoyin sun fara hawa.

Ta kutsa ta ce ɗanta ne. Ta faɗi sunansa da sunan ubansa da unguwarsu a Anka, ta faɗi Dareta, ta faɗi shekarar. Wanda ya riƙe rigar ya saki, ya ce ta yi haƙuri, zamanin ne. Wani dattijo ya ce ta riƙa kula da shi. Ta kama hannun Saifullahi suka juyo.

Da suka koma shagon ta zaunar da shi a benci, ta sa Namadi ya riƙe shi. Ta tsaya gaban Hamisu ta yi masa tambayoyi irin waɗanda likitoci suka koya musu a Dareta. Wannan dalmar tana zama ƙura? Ya ce ba a daka ta, a liƙe take ƙarƙashin murfi, in ba an fasa allon an niƙa ba. Tana fita ta ramin kaset? Ya ce bai taɓa gani ba. Shi da yake taɓa ta kullum fa? Ya nuna mata buta da sabulu a bayan ƙofa, ya ce ba ya kai loma baki sai ya wanke hannu, kuma ba ya son hayaƙinta. Akwai irin da aka ce ba dalma a ciki, amma shi bai taɓa samunta a kasuwar nan ba, ba zai yi mata ƙarya ba.

Ta daɗe tana kallon ɗanta. Ya miƙe, Namadi ya zaunar da shi, ya sake miƙewa.

"Ka sa," ta ce. "Amma sai sun hita. Ni zan tsaya in gani."

Aka lallaɓa aka karɓi kaset, Namadi ya ja Saifullahi can gindin wata bishiya inda iska ke tahowa. Turai ta rufe hanci da mayafi. Hamisu ya taɓa bakin ƙarfe da bakin waya, wani ɗan hayaƙi ya tashi, ɗigo ɗaya ya narke ya gangara ya kwanta a kan tsagar, ya daskare nan take yana sheƙi. Shi ke nan. Ta tambaya saura nawa, ya ce ya gama. Ta yi tsammanin abin zai fi haka girma.

Ya goge tsatsar da buroshi, ya wanke haƙoran kaset da sifirit, ya mayar da murfi. Ta sa ya ƙara ɗaure kusoshin har ya ce robar za ta fashe. Ta sa ya goge akwatin da tsumma mai ruwa, ciki da wajen ramin, sannan ta sa shi ma ya wanke hannu a gabanta kafin ya sake taɓawa. Da aka jona da wata ƙaramar talabijin, ɗan mutumin ya fito yana gudu. Daga gindin bishiya Saifullahi ya ji kiɗan, ya fizge daga hannun kawunsa.

Saura baki. Turai ta ce ta baki dalma take shiga, haka aka gaya musu, kuma yaron nan ba zai daina kai kaset baki ba ko gem na aiki ko ba ya yi. Hamisu ya ce dama ya kamata ya daina, in ba haka ba tsatsar za ta dawo. Ya lalubi aljihun tebur ya fito da wata 'yar roba baƙa mai kamar ƙwan agwagwa da ɗan siririn baki, wadda yake kore ƙura da ita daga cikin agogo. Ya matsa ta. Fu. Ya ce ta tafi da ita, yana da wata.

Da la'asar suka iso Anka. Rana na kan farantin sola, batir ya cika. Turai ta jona wayoyin yadda ta ga Atiku na yi, ta cusa kaset, hoton ya fito ba gardama. Saifullahi ya zauna a tabarma ya ɗauki hannun gem. Bai daɗe ba ya kashe, ya ciro kaset ya ɗaga shi zuwa baki, don a wurinsa ba a fara wasa sai an yi haka.

Ta riƙe masa wuyan hannu. Ya yi gunaguni, ya ja, ƙafar ta fara. Ta sa masa robar a tafin hannu, ya jefar. Ta ɗauko, ta matsa ta a kan haƙoran kaset a gabansa. Ya tsaya. Ta sake matsawa. Ya karɓa yana juya ta, ya leƙa cikin bakinta, ya matsa ta a kumatunsa ya ƙifta ido. Sannan ya saita ta a kan kaset ya matsa sau biyu, fu, fu.

"Amin," in ji Turai.

Ya mayar da kaset ya danna, kiɗan ya tashi. Namadi da ke bakin ƙofa ya ce shi zai kama hanyar Bukkuyum tun da sauran rana, ya tambaya ko ya sa mata sakata ta waje. Ta ce ya bari tukuna. Ta fita ta cika buta, ta ajiye ta da sabulu a ƙofar ɗakin, inda sai ya tsallake su kafin ya kai ga kwanon tuwo. Ta ɗauki rariyar da ta bari kwanakin baya ta zauna inda take iya hango ƙafarsa. Ƙafar tana motsi har yanzu, amma da kiɗan take tafiya, kuma yana zaune.